Ya Ɗaura Kaya Bai Tashi Ba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawuna ya rasu wata Talata da hantsi a gidan hayarsa na hukuma da ke Peckham, a nan London, yana zaune a kujera, shayinsa ko hucewa bai yi ba. Ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne kuma ya rage a cikinsu. Da ya tafi sai na wayi gari ni ce babbar dangi a ƙasar nan, girman da ban nema ba, gwiwoyina ma ba sa ɗaukarsa.

An yi zaman makoki a ɗan falonsa, maza a nan, mu mata a kicin da ɗakin kwana. Dattawan masallaci ne suka fara zuwa. Su abin da suka sani game da shi, tsoho ne mai riga kowa zuwa ya buɗe ƙofa ya kunna hita ta ɗumama wurin kafin jama'a su taru. Ɗayansu ya ce, "Bawan Allah, ba ruwansa da kowa." Wani da ya fi su daɗewa a London ya rage murya ya ce, "Ai da can makaɗi ne, irin na Turawa. Allah dai ya yafe masa ƙuruciya." Aka ce amin, kowa na kallon ƙafarsa.

Wadda ta fi kowa kuka wata tsohuwa ce 'yar Jos, Kirista, da ta taso tun daga Dagenham a bas. Ba na ma jin 'yan gidan sun san ta. Ta ce ranar da ita da mijinta suka sauka ƙasar nan da kayan shan iska a jikinsu, wannan mutumin ne ya ba su kot, ya kuma hana su godiya.

Can da la'asar wani tsohon Bature ya shigo yana dogara sanda. Ba wanda ya ce masa ya cire takalmi, ya cire. Ya zauna a tsakiyar alhazai, ya ce, "Ya haƙuri," da irin Hausar da aka koya shekaru aru-aru aka adana. Na gane shi nan take, ko da yake gashin da ke kai masa kafaɗa a da ya ƙare sarai. Shi ne mai kaɗa babbar jita a ƙungiyarsu Kawu. Da zai tafi ya zaro wani ƙaramin faifan waƙa daga leda ya miƙa wa 'yar Kawu, wadda ita kaɗai Allah ya ba shi. A nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta juya faifan a hannu, ta zo ta tsuguna kusa da ni.

"Anti, I know the words," ta ce. "I just don't know what happened to him."

Wato kalmomin waƙar da ke cikin faifan ta san su tun tana yarinya, abin da ya sami ubanta har ya yi ta ne ba ta sani ba. Ni na sani, domin ina wurin. Na gaji, amma in ban rubuta ba zai tafi a matsayin tsoho mai kunna hita, ko makaɗin da ake nema wa gafara da ƙaramar murya. Duka biyun shi ne, amma bai ƙare a nan ba.

Na zo London karatun aikin nas a shekarun da kuɗin mai ya ɓarke a gida, lokacin da gwamnati ke tura yara waje kamar ana raba goro. Babana bai so in sauka wurin Kawu ba, amma babu wani namu a garin, dole ya haƙura. Labarin Kawu a gidanmu ba a yin sa sai da raɗa. An turo shi karatun injiniya tun ina 'yar ƙarama, ya yi watsi da shi ya ɗauki jita. Mahaifinsu ya rasu bai je ba. Inna, wato mahaifiyata, ita ta goya shi bayan uwarsu ta rasu yana jariri, kuma tun ranar da labarin jitar ya iso ba ta sake kama sunansa ba. In dole ta kama, sai ta ce "yaron nan".

Na yi zaton zan tarar da ɗan iska. Na tarar da mutum siriri mai tulin gashi, wanda ke tashi kafin gari ya waye ya tafi wata masana'anta a Dagenham, ya dawo hannuwansa baƙi ƙirin, ya wanke su da sabulu har sai sun yi fari kafin ya taɓa jitarsa. Ɗakuna biyu yake haya a saman wani shago a Deptford. Ya bar mini mai taga. A bayan ƙofa akwai wani kabad cike da tsofaffin kot da yake tsinta a kasuwar gwanjo. Duk wanda ya ji ya sauka daga gida, ko Bahaushe ko Birom ko Tibi, sai ya aika a kira shi ya zaɓi ɗaya. In mutum ya fara godiya sai ya ce, "Bari, ba nawa ba ne. Na wani mamaci ne da bai san ka ba."

Kunnensa na hagu ya mutu saboda tsayawa kusa da lasifika. Bai ɗauki wannan asara ba. In wani ya fara yi masa wa'azi ko gulmar wani, sai ya juyo masa da wannan kunnen ya ce, "Faɗa wa wannan, shi ne mai haƙuri." In zai gyara sautin jita kuwa, haɓarsa yake ɗorawa a jikin katakon, wai ƙashi ya fi kunne gaskiya.

Kiɗan rok suke yi, su uku: shi, da Baturen nan da suke aiki tare, da wani mai ganga ɗan zangon Kumasi. Sau ɗaya na je kallonsu, wata Asabar da rana a wani zauren taro. Ban gane kawuna ba. Mutumin da ba a jin tafiyarsa a gida, ga shi yana ihu da Turanci, yana dukan jita kamar ta yi masa laifi. Da muka fito na ce, "Kawu, me kake faɗa haka?" Ya ce, "Ba komai, 'yata. In da akwai abin faɗa ai ba sai na yi ihu ba."

A waɗannan shekarun London ta cika da mutanenmu masu sayayya. Su zo da akwati ɗaya su koma da tuli, har da labule da tukwane. Waɗanda Kawu ya ba kot jiya, yau sun gama karatu sun koma, gobe ka ji an ba su ofis da mota da direba. Wasu in sun dawo hutu sukan biyo su gaishe shi, su tsaya a bakin ƙofa cikin babbar riga, su kalli jitar su kalli bokitin da ke tare ruwan rufi, su ce, "Har yanzu dai?" Shi kuma ya ce, "Har yanzu."

Sai Babana ya zo wani kwas na ma'aikata. Ya hau benen nan yana haki, ya ƙi zama. Ya ce ya yi magana da mutanensa a Kaduna, akwai sabuwar masana'anta da ke neman duk wanda ya taɓa riƙe sifana a Ingila. Aiki na jira, gida na jira, tikiti ga shi.

"Ka dubi kanka," in ji Baba. "Ba ka zama Bature ba, ba ka zama ɗan gida ba. Sa'o'inka suna gina ƙasa, kai kana wa mashaya kiɗa. Yayarka ba ta faɗi, amma ni nake kwana da ita a gida ɗaya, na san abin da ke cin ta."

Kawu bai juyo masa da mataccen kunnen ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, na ji. Zan bi ka."

Kuma da gaske yake. Ya ajiye aiki. Ya aske gashin nan, har na ga ashe kamarsu ɗaya da Inna. Ya ba Baturen lasifikarsa, ya raba sauran kot ɗin, ya bi abokai yana sallama. Ya sayo wa Inna mayafi mai laushi, ya yi ta tambayata ko tana son shuɗi. Jitar kaɗai ya ce in riƙe masa. Ban taɓa ganin sa da fara'a kamar makon nan ba.

Ranar tafiya Baba ya wuce filin jirgi daga masaukinsa, mu kuma muka fito da safe muka hau bas. Kawu na zaune akwatin na tsakanin ƙafafunsa, yana kallon titi. Ba mu yi wani nisa ba, ko kogin da ya raba garin ba mu ƙetare ba, bas ya tsaya ɗaukar mutane. Sai kawai ya miƙe ya ɗauki akwatin ya sauka. Na bi shi a guje, na zaci amai ne ya taso masa. Ya zauna a kan akwatin a bakin titi, sabon askinsa na shan iska.

"Kawu, lafiya? Za mu makara."

"Je ki gaya wa babanki."

"In ce masa me?"

"Ban sani ba. Wallahi da na sani da na gaya miki."

Ni kaɗai na ƙarasa filin jirgin. Baba na tsaye da tikiti biyu a hannu. Da ya hango ni ba kowa a bayana, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Ki kwashe kayanki ki koma gidan kwanan ɗalibai. Kada in ji kin sake taka gidan nan." Ya juya ya shiga layi. Na san abin da ya fi ƙona shi: ya riga ya aika wa Inna ta shirya, an share ɗaki, an sayi rago.

Na koma kwashe kayana raina a ɓace. Na tarar da shi a kicin, akwatin na jingine a bakin ƙofa yadda yake. A ranar na yi masa maganar da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce ya kunyata matar da ta goya shi, ya sa ta share ɗaki don iska. Na ce in ba ya son gida ya fito ya faɗa, ya daina wahalar da mutane.

Ya ce, "Ina son gida. Kullum da shi nake kwana."

"To me ya hana ka?"

"A bas ɗin nan na ga an buɗe ƙofar jirgi a Kano, na ga Yaya ta tsaya tana jiran yaron da ta sallama. Shi kuwa ba ya cikin akwatin nan, ba ya cikin rigar nan. Na duba ko'ina ban gan shi ba. Wa zan kai mata?"

Na ce wannan maganar mawaƙa ce, ba ta mutane ba. Na ja jakata na fita.

Na bi umarnin Baba na koma wurin ɗalibai, amma ban iya bin rabinsa na biyu ba. Ran Lahadi nakan je in duba shi. Ya rame. Bai koma masana'anta ba sai daga baya, ba ya fita wasa, ba ya ihu. Akwatin ma ba wata rana da ya buɗe shi gaba ɗaya, a hankali ya zube, yau a zaro safa, gobe a zaro riga. Wata Lahadi tun daga matakala na ji jita a hankali, ba a jona ta da wuta ba, da murya ƙasa-ƙasa, kuma da Hausa. Ban taɓa jin ya yi waƙa da Hausa ba. Na tsaya.

Na ɗaura kaya, ban tashi ba,
na yi sallama, ban tafi ba.
Wa ya riƙe ni? Na waiga baya,
ba kowa a hanyar sai ni.

Da na shiga ya ajiye jitar kamar na kama shi da sata. Ya ce ba waƙa ba ce, surutu ne kawai.

Baturen ne ya hana ta mutuwa a kicin. Sun sami damar buga ƙaramin faifai, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta gaban sun daɗe da ita, mai ihu ce da Turanci. Ta bayan ce babu. Baturen ba ya jin ko kalma ɗaya a cikin wannan ta Hausar, amma ya ce ita za a sa, in ba haka ba shi ba ya zuwa.

Ana saura kwana kaɗan a ɗauki waƙoƙin Kawu ya yanke yatsansa na hagu yana gyaran kifi, yanka mai zurfi. Ni na wanke na ɗaure masa, shi ya sa na bi su situdiyo ranar, da bandeji a jaka. Wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a Deptford, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai, yana warin taba da danshi. Da safe ne, amma a ciki ba ka sanin safiya. In jirgin ƙasa ya wuce sai kowa ya tsaya har ƙasa ta daina rawa. Mai situdiyon na zaune bayan gilashi da na'urarsa, tef na juyawa.

Suka gama ta gaban ba wahala, Baturen ya rufe masa inda yatsan ya gaza. Da aka zo ta bayan, mai situdiyon ya ce a ƙara wuta, a sa amshi da Turanci, domin ba mai sayen abin da bai ji ba. Kawu ya gwada. Ya ɗaga murya, ganga ta shigo da ƙarfi, ya kai hannu zai yi irin gudun da ya saba a kan jita, sai jini ya ɓullo ta bandejin. Aka tsaya na sake ɗaurewa. Aka sake gwadawa, aka sake tsayawa. Waƙar ta zama kamar mai zazzaɓi da aka sa shi tsere.

Mai gangar ne ya fara ajiye sandunansa. Da Hausarsa ta zango ya ce, "Waƙan nan bai son duka. Ku bar shi ya yi tafiya da ƙafa." Ya cire rigar sanyinsa ya shimfiɗa a kan gangar, ya koma bugawa da tafin hannu. Kawu ya cire abin da aka sa masa a kunne, ya ce ba ya jin kansa a ciki. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora haɓa a jikin jitar. Saboda ɗaurin, yatsu biyu ne suka rage masa masu aiki, da su ya kama abin da suka iya kamawa. Ya ce da mai situdiyon, "Ba Turanci." Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya danna.

Bai kalli kowa ba har ya gama. A baiti na ƙarshe, inda yake cewa an share masa ɗaki ya bar shi ga ƙura, muryarsa ta karye, ta tsaya, ta dawo a dishe. Mai situdiyon ya ce a sake wannan wurin. Kawu ya buɗe baki zai yarda, Baturen ya riga shi, ya ce wanda ya taɓa wurin nan sai sun yi faɗa. Haka aka bar ta. Duk wanda ke da faifan zai ji karyewar, zai kuma ji wani jirgin ƙasa can nesa da ba wanda ya tsaya masa.

Faifan bai yi kasuwa ba. Ƙungiyar ta watse ba da daɗewa ba, mai gangar ya koma Ghana, Kawu ya koma aiki, daga baya ya yi aure, auren bai daɗe ba, ya bar masa 'yar nan. Amma ta bayan ta yi tafiyarta a ɓoye. Ɗalibai suka riƙa kwafarta a kaset. Ba a sa ta a biki, ba a sa ta in akwai baƙi. Na san likitoci da manyan ma'aikata da suka ce za su yi shekara biyu su koma, suka tsufa a nan, kowannensu da kaset ɗin a mota. In sun haɗu da Kawu ba sa ambatonta, shi ma ba ya so.

Da na je gida hutu na sa faifan a ƙasan akwatina, ban gaya masa ba. Baba ya sayi sabuwar garmaho mai katako, babba kamar akwatin amarya. Na jira ya fita ofis. Inna na zaune a tabarma tana tsince wake. Na ce, "Inna, ga wani abu." Ban ce na wane ne ba.

Da muryar ta fito hannunta ya tsaya a cikin faranti. Ba ta ɗago ba. Ta ji har ƙarshe, ta ce, "Sake sawa." Na sake. Ina jiran kuka, ko faɗa, ko ta ce in kashe. Da ta ƙare karo na biyu ta ture farantin gefe.

"Yaron nan ba ya cin abinci," ta ce.

"Inna, kin ji abin da yake faɗa kuwa?"

"Na ji. Ni na goya shi, na san muryarsa in cikinsa ba komai."

Ba ta ƙara cewa komai a kai ba har hutuna ya ƙare. Amma ta sa aka daka kuka sabuwa, ta zaɓi daddawa da kanta, ta yi yaji, ta aika aka sayo kilishi. Ranar da zan taso ta ƙulle su a tsohon zanenta, ta ja ni gefe inda Baba ba zai ji ba.

"Ki ce masa ba sai ya zo ba. Na yafe masa zuwan. Ki ce ya ci abinci."

Na kai masa ƙullin a Deptford, na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni. Ya juyo da kunnensa mai ji ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana riƙe da zanen. Sai ya tashi ya ɗora tukunya, ya kaɗa miyar kuka, ya tuƙa tuwon semo mai gudaji, domin bai taɓa iya tuƙi ba. Ya zauna a ƙasa ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwano. Ni ina zaune ina kallonsa.

Ba su sake ganin juna ba. Ta riga shi tafiya da shekaru masu yawa, shi kuma mun binne shi a nan, cikin ƙasa mai sanyi, ana yayyafi. Amma tun daga ƙullin nan har ta rasu, duk wanda zai zo daga Kano sai ta ba shi ƙulli, shi kuma duk wanda zai koma sai ya ce, "Ka gaya wa Yaya ina ci."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya yalwata masa makwanci, ya sada shi da yayarsa a inda ba yunwa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.